Gyaran Muryar Malam

Jiya kwamfutar ofis ta maƙale, ina ta danne-danne ba ta kula ni ba, sai Malam ya faɗo mini a rai. Shi ya koya mini rubuta manhaja, a zaurensa na gindin Goron Dutse, inda ƙamshin shayin citta ba ya yankewa.

Wata rana na kai masa wadda na rubuta don sarrafa keken surfani. Tana cikin aiki ya danna maɓallin tsayawa. Allura ta ci gaba da huda ƙyallen gwaji abinta.

Ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗana, in kana sallah aka yi sallama, ai kakan yi gyaran murya a san kana ciki. Sa manhajar ta riƙa dubawa bayan kowane ɗinki, ko wani ya danna yana jira."

Layi ɗaya na ƙara, ta fara ji.

Haka shi ma yake, komai aikin da ke gabansa, kana sallama zai ɗago. Har yau in na bi ta ƙofar zauren nakan yi sallama a hankali, amma ba mai gyaran murya. Ya Allah, in ya zo ƙofar rahamarka, kada ka bar shi yana jira.