Irin Furotiya a Cikin Firijina

Yayana ya dawo daga Afirka ta Kudu da jaka guda da guntun kunne. Ya daɗe a can. Da farko aiki yake yi a wata gonar furanni a gindin duwatsu, inda sanyin hunturu kan sa mutum ya kasa riƙe fartanya da safe. Daga baya ya buɗe ɗan shago a wata unguwa. Shagon nan ne samari suka zagaye da rana tsaka suna ihun baƙi su koma garinsu. Suka fasa ƙofa, suka jawo shi waje, wani ya sare shi da adda a gefen kai ya datse masa kunne, sannan suka cinna wa shagon wuta. Abokin zamansa, ɗan Kumasi kamarsa, bai fita da rai ba. Duk wannan a bakin wasu na ji. Shi bai taɓa buɗe baki ya ba ni labarin ba.

Lokacin ina haya a wani babban gida a unguwar Alabar ta Kumasi, ciki da falo. Mijina direban babbar mota ne, yakan yi makonni a hanyar arewa. Ni kuma sobolo, wato zoɓo, da ruwan sanyi nake sayarwa, firiji ɗaya tak gare ni. Na share wa yaya falon ya zauna.

Wata safiya na same shi ya kwance wata tsohuwar safa a kan tabarma. Wasu 'ya'yan itace ne a ciki, ƙanana, masu ruwan ƙasa, kowanne da gashi tsaye kamar gemun bunsuru.

"Yaya, wannan kuma fa? Magani ne?"

"Iri ne. Furotiya. Sarkinsu ma kuwa." Ya buɗe hannuwansa kamar mai riƙe da faifai. "Furensa ya kai haka. Gefensa jaja-jaja, tsakiyarsa fari mai laushi."

"Ana ci?"

"Ba a ci."

"To me ake yi da shi?"

"Kallo."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya hau trotro, motar haya, zuwa bayan Tafo ya ɗebo yashi mai tsabta, ya gauraya da ɓawon itace daga wurin masu yanka katako. Da na ba shi kashin kaji don taki sai ya ture. Ya ce taki kashe shi yake yi. Ya ce a can inda yake tsiro irin ba ya farkawa sai gobara ta bi ta kan dutse, hayaƙi ya ratsa ƙasa, sannan sanyin dare ya biyo. Hayaƙi da sauƙi: ya tara busasshiyar ciyawa a gwangwani ya kunna, ya lulluɓe tukwanen shukar da buhu. Sanyi ne Kumasi ba ta da shi. Don haka ya ƙwace ƙasan firijina. Bayan magariba ya jera tukwanen a ciki, bayan asuba ya fito da su inuwar katanga. Masu sayen sobolo suka fara cewa yana warin hayaƙi. In an ɗauke wuta kuwa, ya dinga kai da kawowa a tsakar gida ke nan har ya je wurin masu kifi ya samo ƙanƙara.

A ɗakunan da ke fuskantar namu akwai wani mahauci, ƙato mai kaurin wuya, da matarsa da manyan 'ya'yansa maza biyu. Yana ɗaure raguna a tsakar gidan, musamman in Babbar Sallah ta kusa. Shi ya fara kuka da hayaƙin, don yana shiga shanyar matarsa. Ran nan ya dawo daga kasuwa ya tarar gwangwanin yana ci.

"Kai, mai guntun kunne! Wutar da suka kore ka da ita ce ka kawo mana gida?"

Ya sa ƙafa ya shuri gwangwanin. Garwashi ya watsu har kan silifas ɗin yaya. Na zaci za a yi ta a nan. Amma yaya tsayawa ya yi cak, idonsa a kan wutar. Sai ya juya ya shige ɗaki, bai fito ba har washegari.

An fi wata guda ba abin da ya motsa. Yawancin irin suka ruɓe a ƙasa. Sai wata rana ya ƙwala mini kira, na fito da ludayi a hannu. Ganye biyu ne masu kauri, ba su kai farcen babban yatsa ba, sun ture yashi sun leƙo. Wasu suka biyo baya. Zafi da damshi suka riƙa kwantar da su ɗaya bayan ɗaya, har saura biyu, kuma ba sauran iri a safa. Biyun nan ya yi musu keji da raga. Ya fara cin abinci sosai. Ya koma zuwa aski. Har wasa yake yi da yaran gidan.

Ranar Juma'a ce, Sallah saura kaɗan. Maza sun tafi masallaci, ni ina ciki ina tace sobolo. Babban ragon mahaucin ya tsinke igiya. Ban ji komai ba sai ƙarar raga. Kafin in fito ya ture kejin, ya cinye ɗaya, yana tauna na biyu, saiwar tana lilo a bakinsa.

A haka yaya ya shigo, sanye da farin kaftani, dardumar sallah a kafaɗa. Ya dubi kejin a kife. Ya ajiye dardumar a kan benci, ya ɗauki taɓaryata da ke jingine da turmi, ya sauke wa ragon a tsakanin ƙaho. Ragon ya durƙusa. Ya ƙara masa a baya, na ji ƙashi ya karye. Ya ƙara. Ya ƙara. Jini yana fita ta hancin dabbar, ƙafafunsa suna shure-shure.

"Yaya, don Allah! Don Annabi, ya isa!"

Bai ji ni ba. Yana duka yana wata magana da harshen da ban sani ba.

Sai ga mahaucin da 'ya'yansa. Bai tambayi ba'asi ba. Ya faɗa ɗaki ya fito da wuƙar fawa. Yaya ya juyo da taɓaryar ya same shi a gwiwa, mutumin ya yi ƙara ya faɗi, amma yana faɗuwa ya kai sara, wuƙar ta tsarge hannun yaya na hagu daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu. Nan take farin kaftanin ya rine. Babban ɗan ya shaƙo shi ta baya, ƙaramin ya ɗauko bulo. Na shiga tsakani. Ban san hannun wa ya same ni ba, na dai ji bakina ya cika da gishiri, na tofar, sai ga haƙorina a ƙasa. Bulon ya sauka a kafaɗar yaya. Ya gantsara wa babban ɗan cizo a damtse bai saki ba. Matar mahaucin tana kururuwa, yara sun watse, sauran ragunan suna fizgar igiya.

Mai gidan hayar, wata tsohuwa Ba'asantiya, ta fito tana buga murfin tukunya tana zagin kowa da yarensu na Twi. Ƙarar ce ta jawo mutanen da ke dawowa daga masallaci. Sai da maza da yawa suka taru kafin aka ɓamɓare su. Ladanin unguwarmu ya dubi ragon yana numfashin ƙarshe, ya ce, "Ku yanka shi kafin ya zama mushe!" Da wuƙar da ta sari yayana aka yanka shi.

Tasi ɗaya aka zuba su zuwa asibiti, don ita kaɗai ta yarda ta tsaya. Ina gaba da tsumma a baki. A baya yaya da mahaucin suna jingine da juna, jininsu yana haɗuwa a kan kujera, ba mai ƙarfin matsawa.

Dattawan unguwa suka hana maganar zuwa wurin 'yan sanda. Suka zauna a zauren limam bayan Sallah. Mijina ya dawo ya biya mahaucin da wani rago. Tsohuwar ta ce ba ta sake yarda mutanen nan biyu su kwana a gidanta tare, dole ɗaya ya tashi. Yaya ya ce shi ne baƙo, shi zai tafi. Ya koma wurin kawunmu a Asokore Mampong, ya sami aikin gadi a wurin masu buga bulo. Yatsunsa uku na hagu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Mahaucin kuma ya bar ɗaukar cinyar saniya a kafaɗa, da sanda yake zuwa kasuwa.

Ni da matarsa mun daɗe ba ma gaisawa, alhali famfo ɗaya muke tara ruwa. Da aka yi wa babban ɗansu haihuwa, sai ta ƙwanƙwasa ƙofata ta miƙo goro ƙulli biyu.

"Ɗaya naki. Ɗaya na yayanki, in zai zo."

Na kai masa ban sa rai ba. Ranar suna da safe sai ga shi. Aka ba shi wuri a kan benci, kusa da mahaucin, don nan ne kawai sarari ya rage. Suka gaisa a gajarce, kowa yana kallon gabansa. Aka yi addu'a, suka shafa tare. Da aka fara raba koko da ƙosai ya miƙe ya ce aiki yana jiransa. Mahaucin ya dogara sandarsa ya raka shi har bakin ƙofa.