Kar-a-taɓa da Motar Auta

A gareji Kar-a-taɓa ake ce masa, domin maganar da ta fi fita daga bakinsa ke nan a shekara talatin da ɗaya da ya yi yana gyaran wayoyin mota. Da wankin kan batir ya fara, har ya zama mutumin da makanikai ke tura wa motar da ta gagare su, bayan sun gama lalata ta. Gajere ne, tabaransa ɗaure da jar waya, kuma abu biyu ya tsana a duniya: ɓera da baƙin salatif. Ya kan ce shi ɓera yunwa ce ta sa shi, amma mai naɗe waya da salatif ba shi da abin faɗa ko a lahira.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. Kafin ka haɗa waya biyu da dalma, ka fara zura 'yar robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Kafin ka sa wa damin wayoyi soket, ka fara zura masa doguwar rigar da ke kare shi daga zafin inji. In ka manta, babu ta inda za su shiga daga baya. Mutum uku ya kora daga bencinsa a kan wannan mantuwar, ɗaya ma ƙanin matarsa ne.

A tsakar gidansa kuwa akwai mota ƙarƙashin tamfol, shekara uku ba ta motsa ba. Ta ɗansa Auta ce, wanda zazzaɓin kwana shida ya ɗauke yana da shekara ashirin da bakwai. Kar-a-taɓa bai taɓa ɗaga tamfol ɗin ba.

Wata Talata da safe matarsa, wadda tela ce, ta ajiye masa shayi ta ce, "Baban Auta, na yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa. Asabar da azahar zai zo."

"Gaishe mu zai zo yi?"

"Motar zai fasa. Ko ta fita da ƙafarta, ko ta fita gunduwa-gunduwa. Kullum sai na kewaye ta in zan je famfo, kullum sai na gan ta. Na gaji."

Bai sha shayin ba. Ya yaye tamfol, ya ɗaga bonet. Ɓeraye sun yi biki sun watse, har jikoki sun haifa a bayan batir. Wannan bai ba shi mamaki ba. Abin da ya tsayar da shi, can ƙasa inda haƙori bai kai ba, wani ƙullin baƙin salatif ne, ƙato kamar kan jariri.

"Ɗan banza!" ya ce da ƙarfi. "A cikin gidana?"

"Da wa kake?" ta tambaya daga bakin keken ɗinki.

"Da ɗanki."

"Uhm. Da abin kirki ka gani, da naka ne."

Bai yanke ƙullin da wuƙa ba. A hankali ya warware shi, zagaye bayan zagaye. Haɗin da ke ciki tsaf yake, dalmar ta kwanta sumul.

"Hannun dai nawa ne," ya ce. "Lalacin ne na dangin uwa."

Ya cire damin wayoyin gaba ɗaya, ya shimfiɗa shi a kan tsohon ƙyaure, ya kafa ƙusoshi a duk inda reshe ya rabu, ya liƙa wa kowace waya takarda mai lamba. Kwana huɗu bai leƙa gareji ba. Masu motoci suka yi ta sallama a ƙofa, yana amsa musu da muryarsa cewa ba ya nan.

Asabar da hantsi ya haɗa waya ta arba'in da biyu a babban soket. Ya miƙe, ya dafe ƙugu, ya kira matarsa ta zo ta ga aiki.

Ta zo, ta dubi aikin, ta dube shi. "Wannan abin da ka rataya a wuya fa? Ado ne?"

Ya shafa. Doguwar rigar wayoyin ce. Tun da safe ya rataya ta nan don kada ya manta.

Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Rabon da ya ji ta yi irin wannan dariyar, ya manta. "Wayyo cikina! Bari in aika a kira ƙanena ya zo ya gani."

"Ki kira shi, in kore shi karo na biyu."

"To ka naɗe da salatif mana, malam gwani. Wa zai sani?"

"Ni."

Saura awa biyu da rabi mai ƙarafa ya zo. Ya zauna ya shiga narkar da dalma, ɗaya bayan ɗaya, har arba'in da biyu. Da ya zo zura rigar, kawunan wayoyin suka yi ta cijewa a ciki, gumi na sauka a kan tabarau. Ta kalle shi, ta yi tsaki, ta shiga ɗaki ta fito da zare da fil ɗin da take zura roba a ƙugun wando.

"Ke, ba ɗinki ba ne," ya ce.

"Rufe mana baki, riƙe can."

Ta ɗaure kawunan wuri ɗaya, ta ja, dami ya shige rigarsa kamar an yi masa awo. Daga nan ba ta tashi ba. Ita ke zura 'yan robobin, shi yana haɗawa yana bi da zafi, suna tsukewa. Sau biyu ya kai hannu zai haɗa, ta buge hannun ta nuna masa robar da ke tafinta.

Mai ƙarafa ya iso da gudumarsa da kurarsa ana kan waya ta talatin. Aka ba shi kujera da ruwa. Da aka mai da dami cikin inji, aka zuba mai, Kar-a-taɓa ya murɗa makulli. Mota ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Batirin da ya ɗauko ya yi sanyi.

Ya leƙo ta taga. "Bawan Allah, tunda ga ka da ƙarfi, ɗan tura mana."

"Ni fasa ta na zo yi, baba."

"Tura tukuna. In ta ƙi, ai kana kusa."

Mutumin ya ajiye guduma ya tura. A bakin ƙofa mota ta yi tsalle, ta kama, ta turnuƙe layi da hayaƙi. Nan take rediyo ya ɓarke da kiɗa, a ƙure, yadda mai ita ya bar shi.

Matarsa ta buɗe ƙofar mota ta shiga, da guntayen zare a zaninta. Ta daɗe tana kallon rediyon.

"Shi ya sa in na kira shi ba ya ji," ta ce.

"Ni fa, mama?" mai ƙarafa ya yi ihu yana haki.

"Akwai tsohon bokiti a bayan gida, ɗauka!"

Kar-a-taɓa ya sa giya. Suka bi layin a hankali, maƙwabta na leƙowa su ga wane mara kunya ne ya ƙure kiɗa da tsakar rana.