Tonkan Yaya Sani a Hannun Ɗansa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sani, Allah ya jiƙansa. Ban yi niyyar rubuta komi bana ba. Abin da ya faru a karar shanu ta Goronyo ne ya hana ni yin shiru.

Ni dillalin shanu ne, shi kuwa jinyarsu yake yi a Wurno. In san huɗa ya yi ciwon gaɓa, sai ya daka barkono, wanda mu muke ce wa tonka, ya kwaɓa da man shanu ya shafa. Amma da sharaɗi. Yakan ce da farko fatar wurin takan ji ɗumin hantsi kamar wuta, don haka dole dabba ta zauna a inuwa. In kuma an daɗe ana shafawa, sai fatar ta daina jin zafi sam. A kan jakinsa da ya daɗe yana shafa wa ya gane haka, ranar da jakin ya taka tokar kara mai wuta, ƙafa na ƙuna bai ko motsa ba. Tun daga nan bai ƙara ba kowa haɗin ya tafi da shi gida ba.

Ɗansa Nasiru, magidanci da iyali, ya gaji haɗin, ya bar sharaɗin. Na ba shi wani tsohon sa ya tsare min, sai ya shafe shi a cinya da ƙarƙashin wutsiya, ya fito da shi kasuwa da rana tsaka. San ya dinga zabura kamar ɗan maraƙi. Malam Isa na Rimawa, manomin da ya daɗe yana sayen shanu a hannuna, ya ji an ce nawa ne, ya saya bai duba haƙori ba. Kafin su kai gida san ya fizge, ya faɗa kwalbati, ya karye.

Na tambayi Nasiru abin da ya kai shi. Ya ce, "To mi na yi, Baffa? Kowa haka shika yi yanzu. Kai na nema ma kasuwa."

Abin takaicin, bai yi ƙarya ba, kara ta cika da irin wannan. Da Yaya na nan ba zai tsaya faɗa ba. Zai fara jan san zuwa inuwa ya wanke shi, sannan ya waiwayo kanmu, har da ni da na ba da amanar ban duba ba.

Karyayyen sai mahauta. Na ba Malam Isa wani lafiyayye, ya karɓa ya yi godiya, amma kasuwar da ta biyo baya na hango shi a turken wani dillali. Nasiru kuwa na hana shi zuwa turkena, shi ma ya daina zuwa gaishe ni. Maganin Yaya yana aiki har gobe. Mutumin da za a damƙa wa shi ne babu.