Dzigbodi Kpodar, Injiniyar Rumfunan Taki

An haifi Dzigbodi a shekarar 1961 a garin Aneho. Mahaifinta Etse Kpodar masunci ne, mahaifiyarta Sena kuwa kyafaffen kifi take sayarwa.

Karatu da iyali

Ta yi makaranta a Aneho da Lome, sannan ta karanci aikin injiniya a Kumasi, inda ita kaɗai ce mace a ajinsu har ta kammala a 1986. A 1989 ta auri Malam Agbeko, malamin lissafi, wanda ya rasu a 2001 ya bar ta da 'ya'ya uku, kuma ba ta kai ko ɗaya riƙo gidan dangi ba.

Rumfar farko

A 2010 aka damƙa mata gina rumfar ajiye takin zamani a tashar jiragen ruwa ta Lome, irin wadda ake ɗame ƙaton tamfol bisa bakunan ƙarfe ba ginshiƙi a tsakiya. Jirgin taki ya riga ya iso, damina ta gabato, taki kuwa da ya sha ruwa ya narke.

Masu jan tamfol ɗin masunta ne, kuma a al'adarsu igiyar da mace ta tsallaka tsinkewa take yi. Ranar ɗagawa Dzigbodi ta tsallaka babbar igiyar, nan take suka saki igiyar. Shugabansu Besa ya nemi a sauya igiya a kuma turo namiji, kamfanin da ya ba ta aikin ma ya fara karkata ga hakan.

Sai ta ɗauko kujera ta zauna daidai ƙarƙashin nauyin da za a ɗaga.

“Fo Besa, in za ta tsinke, ai a kaina za ta faɗo. Ko ƙarfin ne ya ƙare kuke laɓewa bayan zanena?”

Besa ya kira ta da sunan girmamawa: “Dada, marayunki fa?”

“Suna makaranta. Ku ja.”

Suka ja, igiya ta riƙe, aka kwashe takin a bushe kafin ruwan farko.

Shekarun baya

Daga nan masuntan suka yanke cewa ƙafarta ƙarfafa igiya take yi, ba sa taɓa wadda ba ta tsallaka ba. Wannan ma bai yi mata daɗi ba, domin ta sha faɗa musu cewa awo da lissafi ne ke riƙe rufi. Duk da haka ta yi ta tsallakawa, bayan ta duba kowace igiya da hannunta, har ta gina rumfuna bakwai tsakanin Lome da Kwatano.

Rasuwa

Ta rasu a watan Agustan 2021 bayan doguwar jinyar ƙirji, aka binne ta a Aneho kusa da mijinta. Ta bar Selom, likitan dabbobi, da Edem, direba a tashar jiragen ruwan, da Enyonam, injiniya, wadda ta gaji aikin. A ginin farko bayan jana'iza masuntan suka shimfiɗa wa Enyonam igiya ta tsallaka. Ta duba ta, ta zagaye ta ba tare da ta tsallaka ba, ta ce su ja. Rumfar tana nan tsaye.