Jar Buta a Hanyar Paiko

Suleja, biyar da kwata na asuba

Muka tashi daga Kurmin Sarki bayan an sallame sallah, ni da Anti Hajara, matar marigayi yayana, a cikin tsohuwar motarsa. Shekaranjiya ta fita takaba, zan kai ta Paiko ta gaida iyayenta. Wata huɗu da kwana goma motar tana rumfa, an lulluɓe ta da tamfol, kai ka ce tare suka yi takabar. Ita ce kaɗai abin da Yaya ya bar wa marayu uku, an kuma shirya sa ta a layin Abuja ta riƙa kawo na tuwo. Ni kuwa shekara talatin ina koyar da labarin ƙasa, na san tsawon kogin Neja, amma ban san inda ake zuba wa mota ruwa ba.

"Malam, ka dai iya tuƙin ko in sauka in nemi ta haya?" in ji Anti.

Na ce ta zauna, hannun da ya riƙe alli ba zai kasa sitiyari ba.

Diko, shida saura kwata

A shingen Diko jami'i ya haska mu, ya dubi lambar, ya ce, "Ina mai motar? Kwana biyu."

Na ce Allah ya yi masa rasuwa. Ya janye itacen shingen, bai nemi ko na shayi ba. Wannan shi ne abin mamaki na farko a tafiyar.

Bayan Lambata, bakwai saura ashirin

Kilomita talatin da shida daga gida, hanya ta yi gargada, na rage gudu. Sai wata 'yar fitila ta kama a gabana, ja wur, siffar buta da ɗigo ɗaya a bakinta. Na taka totur, fitilar ta mutu. Na saki, ta dawo. Abu ɗaya na tuna daga bakin Yaya: in ka ga jar buta, kashe mota kafin ka yi salati. Na gangara gefe na kashe.

Ba gari, ba mota, ko kukan tsuntsu babu. Gajimare ya sauko ya zauna kan duwatsu. A damanmu wata ƙatuwar ɗorawa, ƙarƙashinta benci, an share wurin tas.

Anti ba ta motsa ba. Ta ce a hankali, "Nan yake tsayawa."

"Wa?"

"Yayanka. Kullum. Ya ce in jira, ya bi bayan bishiyar nan, minti ashirin ya dawo. Na tambaya sau ɗaya, ya ce gaisuwa ce."

Na ce mata inji ba ya sanin bishiya. Na faɗa da irin muryar da nake yi wa 'yan aji uku.

Na jira minti goma, na zaro gejin mai, na goge, na mayar, na sake zarowa. Cike yake, baƙi ƙirin, mai kauri kamar maɗi. Na leƙa ƙasa, ba yoyo. Da na ɗago, wata tsohuwa Bagwariya tana tsaye kusa da bencin da tsintsiya. Ban ji zuwanta ba. Ba mu take kallo ba, motar take kallo.

"Ya makara," ta ce. "Wata huɗu."

Gindin ɗorawa, takwas da rabi

Wani mai babur ya ɗauko mana makaniki daga Lambata, Oga Bitrus, gajere mai furfura. Ya ce kila makunnin fitilar ne ke ƙarya, ya kwance shi, ya ɗaura agogon gwaji a gurbinsa, ya ce in tayar. Allurar ta ɗan ɗaga, ta kwanta.

"Kashe, kashe! Fitila ba ta yi ƙarya ba, Malam. Yaushe aka yi juyen mai?"

Anti ta ce marigayi ciko yake yi, wai mai ba ya tsufa.

"Allah ya ji ƙansa, amma mai yana tsufa, Hajiya, har jikoki yake yi."

Ya shiga ƙarƙashi, ya tsiyaye man, ya sauke kaskon da yake taruwa a ciki. Ya nuna mini rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta, ta toshe da dauɗa kamar tukunyar daddawa. Ya ce mai yana nan, hanyar hawa ce babu, ga zaman wata huɗu ya ƙara daskarar da shi. In inji ya yi zafi aka rage gudu, sai buta ta kama.

"Da ka ƙara kilomita biyar, da injin ya buga. Sai dai 'yan gwangwan."

Na juya wurin Anti da murna. Na ce kin ji, lissafi ne kawai: daga Suleja zuwa nan inji ke ɗaukar zafi, shi ya sa Yaya ke tsayawa ya huce.

"Malam," ta ce, "shekara biyu ya yi da motar nan. Tsayuwar kuwa tun ina amarya."

Lissafina ya zube. Yayin da Bitrus ke wanke rariya da fetur, na bi bayan bishiyar. Kabari ne guda ɗaya, ƙarami, an kewaye shi da duwatsu, ba ko tsinken ciyawa. Tsohuwar tana bayana.

"Ɗana ne," ta ce. "Mai motar nan ne ya buge shi, da motarsa ta farko. Yaron ne ya faɗo hanya, kowa ya gani. Mutumin bai gudu ba. Da hannunsa ya haƙa kabarin."

Na gaya mata ya rasu. Ta gyaɗa kai, ta ce ta sani tun da ta ga wani a kujerarsa.

Paiko, ɗaya da kwata

An sa sabon mai da sabuwar filta, allurar Bitrus ta miƙe tsaye. Duka da ladan aiki, naira dubu talatin da takwas. Muka isa Paiko buta ba ta ko ƙyafta ba. Aka kawo sakwara da miyar agushi. Anti ta ci loma biyu, ta tashi ta shiga ɗakin mahaifiyarta.

Komawa, washegari

Ni kaɗai na dawo. Goma da minti biyar na hango ɗorawar. Na rage gudu, idona kan gaban mota, kuma zan faɗi gaskiya, jiran jar butar nake. Ba ta kama ba. Na tsaya duk da haka, na ajiye mudun shinkafa biyu kan bencin, na karɓi tsintsiya daga hannun tsohuwar.

Sha biyu saura kwata na shigo Suleja. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da ni, da Oga Bitrus da ya ceci abincin marayu. Direban da zai karɓi motar na ba shi sharaɗi biyu: juye a kan lokaci, kuma ranar ɗaya ga kowane wata ya bar mini makulli. Ya tambayi ina zan je. Na ce gaisuwa ce.