Auren Rosemay da Gervais

Rosemay Ernesta ta tsufa tana ɗaura furanni a bakin teku a tsibirinmu na La Digue. Turawan da ke guje wa danginsu su zo su yi aure su biyu, ita ke kafa musu rumfar ganyen kwakwa, ta tsaya musu shaida. Ita kuwa ba a taɓa ɗaura mata aure ba. Tun tana da ƙuruciya take zaune da Gervais masunci, amma 'ya'yansa na matar farko sun rantse ba za ta amsa sunan ubansu ba.

Da ciwon huhu ya kwantar da Gervais, babbar 'yarsa Lisette ta ce ranar Litinin za ta kai shi asibiti a babban tsibirin Mahé. Kowa ya san ba zai dawo ba.

"Rosemay, kada in tafi a haka," in ji shi. "A ɗaura mana."

"Tsoho, ko ƙofa ba ka iya kaiwa."

"To ki goye ni."

Ta je ta roƙi Madam Hoareau, mai ɗaura aure ta gwamnati, har da hawaye. Matar ta ce ranar Asabar tana da auren wasu Jamusawa a wani lungun gaɓa bayan duwatsu, su same ta can.

Lisette na fita kasuwa Rosemay ta jawo Gervais cikin kwalekwalensa. Suna tsakiyar hanya injin ya mutu. Ta kama tuƙi da hannu, tafinta ya saluɓe, shi yana kwance yana haki. Daga nesa ta hango an gama auren, Madam ta rataya jaka. Ta yi ta ihu har muryarta ta dushe.

Bajamushen angon ne ya faɗa ruwa da kwat ɗinsa ya sungumo Gervais. Suka jingina shi da dutse. Da aka tambaye shi ko ya yarda, murya ta ƙi fita.

"Dole in ji da kunnena, Gervais," in ji Madam.

Rosemay ta durƙusa a yashi. "Don Allah, tsoho. Kalma ɗaya."

Ya daɗe yana kokawa da numfashi. "Na yarda mana. Ke dai da gaggawa."

Ya yi 'yan makonni a asibiti, tana gefen gadonsa har ya cika. Lisette ba ta dube ta ba a wurin jana'iza, har yau ba sa magana. Rosemay dai yanzu gasasshen kifi take sayarwa a bakin tashar jirgin ruwa.