Ƙafar Hayatu Majemi

Hayatu a majema ya tashi, can wajen gulbi, inda warin bagaruwa da jiƙaƙƙiyar fata ke tarbar mutum tun daga nesa. Jar fatar akuya ubansa ke jemewa, shi ma ita ya gada. Amma mutanen Sakkwato da kokawa suka san shi. In kaka ta yi aka buga ganga a fili, da wuya a watse bai kai wani ƙato ƙasa ba. Ba shi da tsawo, sai dai ƙafa, in ya kafa ta sai ka ce an binne turmi.

Ƙafar nan ce ta jawo masa. A lokacin Nasara sun kusa shekara goma da cin garin, kuma duk sa'ad da za su yi tafiya sai a bi unguwa-unguwa ana neman majiya ƙarfi su ɗauki kaya. Aka aza wa Hayatu akwatin ƙarfe, ya bi ayari har Zungeru, yana shan ruwan kowane tabki aka yada zango. Ya komo a rame, amma da ƙafarsa. Sai da shekara ta kewayo wani ƙurji ya fito masa a idon sawu, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Ashe kurkunu ne.

Wanzami ya riƙa zuwa yana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, rannan ta tsinke a ciki. Ƙafa ta kumbura har gwiwa, ta yi ruwa. Hayatu ya sha kwanciya tun daga damina har bayan kaka. Ko da miki ya rufe, agara ta riga ta ɗaure, diddige ba ya taɓa ƙasa, ƙafar ta tsotse.

Ciwon ya tafi, mutumin bai tashi ba. Ko zaure ya ƙi leƙawa, salla ma a zaune yake yi. Matarsa Dijatu ita ta riƙe gidan da kaɗi da sayar da fura, in ta ce ya fito ya sha iska sai ya hau ta da faɗa, daga baya ya riƙa jin kunyar kansa. In ya jiyo gangar kokawa sai ya juya fuskarsa bango.

Wata safiya Illo ya yi sallama. Illo mai sayar da gero ne a kasuwa, kuma babu wanda suka sha karawa da Hayatu kamarsa. Da ya zauna, Hayatu ya shiga ba shi labarin yadda yake a da, da yadda yanzu tasa ta ƙare. Illo ya bari ya kai aya, sannan ya ce, "Wancan Hayatu na san shi, ya sha kada ni. Wanga na kwance shi nika tambaya. Shina iya kai bakin zaure?"

Haushi ne ya tashe shi. Ya dafa bango, ya ja ƙafa, gumi na tsiyaya, har ya kai. Illo bai yaba masa ba, ya ce dai gobe sai ƙofar maƙwabci, kuma ya kafa masa sharaɗi: in ya zo, kada ya gaya masa abin da ya kasa, inda ya kai kawai yake son ji.

Haka suka ɗauko ta. Daga ƙofar maƙwabci sai gindin ceɗiya, daga nan sai masallacin unguwa. Kullum bayan asuba yakan jingina da katanga ya riƙa danna diddigen ƙasa har hawaye su cika masa ido, Dijatu kuma ta murza masa agarar da man shanu. Wata rana gaba, wata rana baya. Ran da ya ce sai ya kai rijiya, ƙafar ta lanƙwashe ya kife a gaban mata masu ɗibar ruwa. Ba wadda ta yi dariya, sannu suka yi ta yi masa, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo. Ya koma ɗaki ya rantse ya gama. Illo ya zo bai lallashe shi ba, ya tambaye shi dai a ina ya faɗi. Da ya ce a rijiya, sai Illo ya tuna masa cewa rijiya ta wuce masallaci nesa. Washegari Hayatu ya fita.

Kafin wata damina yana kaiwa majema, har yana saɓa rabin tulu daga gulbi. Naman ƙafa ya fara komowa, abinci ya fara yi masa daɗi. A daidai nan labari ya cika gari cewa Nasara na yaƙi da Jamus can gabas, kuma za a sake ɗibar masu ɗaukar kaya.

Dijatu, wadda ta fi kowa son ya tashi, ita ce ta tare shi a tsakar gida. Ta ce ta ga ɗan aiken mai unguwa ya tsaya yana bin sa da kallo. "Maigida, don Allah ka riƙe sandarka ko ba ka bukata tata," in ji ta. "In sunka gane ka warke, ba su barin ka."

Maganar ta tsaya masa a rai. Duk abin da ya sha wuya ya samu, shi ne zai miƙa shi hannun waɗanda suka nakasa shi. Ya gwada komawa kwanciya, jikin ya ƙi, ƙafar har ƙaiƙayin tafiya take yi. Sai ya ɗauki sanda. A cikin unguwa ya riƙa ƙara wa ɗingishinsa gishiri, in ya fita ganuwa ya saɓa sandar a kafaɗa ya miƙe. Abin yana cin sa, ɗan kokawa yana ɓoye ƙarfinsa kamar kayan sata. Da ya gaya wa Illo, Illo ya ce ba laifi, ya dai ci gaba da tafiyar.

Ran da aka zo ɗiba, aka dubi sandar Hayatu aka wuce. A kasuwa aka tsinci Illo yana sauke buhun gero, aka sa shi a layi. Ko sallama ba su yi da Hayatu ba.

Waɗanda suka komo sun ce ciwon ciki ya kama Illo a hanya bayan Yola, a can aka rufe shi. Dijatu ta yi tsoron Hayatu zai sake kwantawa, amma bai kwanta ba. Ya jefar da sandar, ya koma jima, kokawa kam bai sake shiga ba, don ƙafar ba ta taɓa komawa yadda take ba.

Illo ya bar tsohuwa, uwarsa Kande, ba ta da kowa. Hayatu ya ɗauki ɗibar mata ruwa, kullum da safe daga gulbi zuwa gidanta, da cikakken tulu, kafin ya wuce aiki. Ba ta taɓa tambayarsa dalili ba, shi ma bai faɗa ba. Haka aka yi shekaru. Da ta rasu, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, yana ɗingisawa, har maƙabarta.